David Mark da Ƙa'idar Larura a Majalisar Dattawa

Daga 1999 zuwa 2007 mutum biyar ne suka shugabanci Majalisar Dattawan Nijeriya: Evan Enwerem da Chuba Okadigbo da Anyim Pius Anyim da Adolphus Wabara da Ken Nnamani. An tsige na farko da na biyu, na huɗu kuwa murabus ya yi. Saboda haka ne 'yan jarida suka riƙa cewa akwai ɓawon ayaba a gindin kujerar, wanda duk ya taka sai santsi ya kwashe shi. A kan wannan kujera ce David Mark ya zauna shekara 8 cur, daga 2007 zuwa 2015.

Mark mutumin Otukpo ne a ƙasar Idoma. Soja ne tun asali, ya yi gwamnan Jihar Neja daga 1984 zuwa 1986, sannan ya riƙe ma'aikatar sadarwa a zamanin Janar Babangida. Ya wakilci Binuwai ta Kudu a ƙarƙashin jam'iyyar PDP daga 1999 zuwa 2019. Masu suka sun ce daɗewarsa ta samo asali ne daga iya lallashin sanatoci da kauce wa rigima da fadar shugaban ƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai wannan hali nasa ya yi rana a 2010.

A ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Saudiyya jinya. Sashe na 145 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa sai shugaban ƙasa ya aika wa majalisa da takarda kafin mataimakinsa ya zama muƙaddashi, ga shi kuma ba a aika ba. Ƙasa ta shafe fiye da wata biyu babu mai cikakken ikon sa hannu, har aka fara raɗe-raɗin juyin mulki. A ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta ɗauki hirar da shugaban ya yi da BBC a watan Janairu a matsayin sanarwar da ake jira, ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi. Hujjar da Mark ya kafa ita ce ƙa'idar larura.

Kalmar larura ta cancanci a tsaya a kanta. Ararriya ce daga Larabci, kuma Bahaushe yana amfani da ita ta fuska biyu: matsin da kan sa a yi abin da ba a yarda da shi ba a lokacin walwala, da kuma rashin lafiya, kamar a ce wane yana fama da larura. A wannan lamari ma'anonin biyu sun haɗu, wato larurar mutum guda ta jefa ƙasa cikin larura. Lauyoyi da dama sun ce hirar rediyo ba takarda ba ce, kuma bisa lafazin doka sun fi gaskiya. Majalisar ma ba ta bar giɓin haka nan ba, domin a gyaran tsarin mulki na 2010 an ba ta ikon naɗa mataimaki muƙaddashi idan kwana 21 suka wuce babu takarda.

Jinga: Ɗalibi ya bambanta ma'anar muƙaddashi da mataimaki da magaji, tare da kafa hujja da matsayin Jonathan kafin rasuwar 'Yar'aduwa a ranar 5 ga Mayu 2010 da kuma bayanta.