Injin Wanki Ya Riƙe Ruwa? Duba Nan Kafin Ki Kira Mai Gyara

Injin ya gama juya kaya, kin murɗa masa ya zubar da ruwa, ya yi kunnen uwar shegu. Ga kaya a jiƙe cikin kumfa, ga kayan makarantar yara ana jira. Kada ki yi saurin cewa a nemo a-kori-kura a kai shi Sakkwato ko Jega. Daga Tambuwal ma tafiya ce, balle daga Kebbe ko Kuchi, kuma sau da yawa kuɗin motar ya fi kuɗin gyaran. Yawancin injin da ya riƙe ruwa lafiyarsa ƙalau, wani abu ne ya tokare masa hanya.

Ki tanadi bokiti, faranti mai faɗi, tsummoki, tocila, sukundireba da filaya. Sai mu fara.

1. Zare filogi daga soket.

Kashe makunni bai isa ba, zare shi gaba ɗaya. Gidaje da yawa an ja musu wuta ba tare da wayar da ke sauke ta ƙasa ba, ga ki kuma tsaye kan jiƙaƙƙen siminti. Sa silifas na roba, ki goge hannuwanki. In injin mai jan ruwa da kansa ne, rufe famfon da ke ba shi.

Ki kuma janye ƙananan yara daga wurin. Injin buɗaɗɗe cike da ruwa ba wurin leƙen mai koyon tafiya ba ne.

2. Gane irin injin da kike da shi.

Akwai mai gida biyu, gefe ɗaya wanki, gefe ɗaya matsa. Shi ya fi yawa a kayan ɗakin amare, ko na Haier Thermocool ne, ko Scanfrost, ko Hisense, ko LG. Galibinsu ba su da famfon tura ruwa. Gangarowa ruwan yake yi da kansa da zarar an buɗe masa hanya. Ke nan ko an ɗauke wuta ya kamata ya zubar. In ya ƙi, babu ruwan 'yan NEPA.

Akwai kuma mai ƙofar gilashi a gaba. Wannan yana da ɗan famfo na lantarki a cikinsa, shi ke tura ruwa waje. In ya kasa, zai nuna miki a fuska: LG kan rubuta OE, Samsung kuma 5E ko 5C.

Mai murfi a sama da ke sarrafa kansa, wani gangara ne, wani famfo. Duba littafinsa. Kafin nan tabbatar murfin ya rufu sosai, don in bai zauna ba injin ba zai shiga matsa ba.

3. Kwashe kaya da ruwa.

A mai gida biyu wannan abu ne mai sauƙi. Tsame kayan a baho, ki kwashe ruwan da moɗa. Kada ki zubar da shi a banza, kuɗi kika ba ɗan ga-ruwa. A wanke banɗaki da shi.

Mai ƙofa a gaba kuwa kulle ƙofarsa yake yi muddin akwai ruwa a ciki. Kada ki finciki hannun ƙofar, karyewa zai yi, ki tashi da gyara biyu. Mataki na 6 zai fitar miki da ruwan.

4. Bi tiyon fitar da ruwa daga farko har ƙarshe.

Nan ne aka fi kama ɓarawon. Ja injin daga bango ki duba: tiyon ya lanƙwashe? Ƙafar injin ta danne shi? An jingina masa jarka?

In mai gida biyu ne, dole tiyon ya kwanta a ƙasa, bakinsa ƙasa da gindin injin. Da yawa kan manta shi a rataye a maƙalarsa ta gefe, ko su ɗaga shi su zura a bokiti mai tsawo. Ruwa ba ya hawa tudu. In dakalin ƙofar banɗakinki ya fi gindin injin tsawo, sa a yi wa injin ɗan dandamali na bulo mai faɗi, ya zauna daram ba ya girgiɗi.

Mai ƙofa a gaba akasin haka ne. Shi tiyonsa ana ɗaga shi, yawanci tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa. In ya wuce haka famfon zai sha wahala.

Yanzu cire tiyon, ki zura masa ruwa da ƙarfi daga buta ko famfo. In ruwa bai wuce ba, bubbuga shi a ƙasa, ki tura tsohuwar wayar lantarki mai rufin roba ta ciki. Kada ki sa ƙarfe mai tsini, huda shi zai yi.

Leƙa magudanar kuma. Da damina kwata kan cika da yashi da leda, ruwa ya rasa mafita ya dawo baya. In matsalar can take, tsintsiya da shebur ne maganinta.

5. Mai gida biyu: duba igiya da bawul.

Tiyo lafiya, ruwa bai fita ba? To, riƙe mamurɗin tsakiya, ki kai shi inda aka rubuta Drain. Saurari hannunki. In lafiya yake za ki ji ɗan nauyi, kamar yana jan wani abu. In ya juya sakayau babu nauyi, igiyarsa ta tsinke ko ta zame.

Ga yadda abin yake. Daga wannan mamurɗi akwai siririyar igiyar roba da ta sauka har gindin injin, tana riƙe da wata roba mai toshe hanyar ruwa. Kin murɗa, igiya ta ja, roba ta ɗaga, ruwa ya wuce. Shi ke nan dabarar. Masu gyara bawul suke ce masa.

Kwance kusoshin murfin baya, ki tara su a kofi kada su ɓace. Haska da tocila. Kafin ki taɓa komai, ɗauki hoto da wayarki, zai taimake ki wajen mayarwa. Za ki ga wani abu mai kama da babban batir da wayoyi a kansa. Kafasita ce, tana iya riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Ki bar ta inda take.

Nemo igiyar ki ja ta sama da hannu. In sauran ruwan ya kwararo ta tiyo, kin gano ciwon. In zamewa ta yi, mayar da ita maƙalarta. In tsinkewa ta yi, ɗaure ta da igiyar nailan mai ƙarfi, tsawon ya zo daidai da na da. In kika ɗaure ta tamau, bawul ba zai rufu ba, gobe ki zuba ruwa ya tsiyaye. Wannan ɗaurin na wucin gadi ne, ki aika a sayo sabuwa.

In kin ja igiya ruwa bai zo ba, toshewa ce a cikin bawul. Rufe motocin da ke ƙasa da leda don kada ruwa ya zubo musu. Murɗe murfin bawul ɗin a hankali, akwai sifirin a ciki da kan yi tsalle. Zaro robar, ki sa yatsa a ramin. Abin da za ki tarar sai ya ba ki dariya: ƙwallon dabino, fil ɗin hijabi, tsinken sakace, maɓalli, duwatsun leshi, ledar alewa, curin zaren aikin babbar riga, da laka a daskare.

Wanke robar ki duba ta a haske. In ta yage ko ta ƙandare, canza ta. Mayar da komai yadda hoton ya nuna, ki bar cikin ya bushe sarai kafin ki jona wuta.

Kada ki manta da rariyar da ke cikin gidan wankin, a gefe ko a kusurwa. Zare ta ki goge da tsohon buroshin haƙori.

6. Mai ƙofa a gaba: buɗe matatar ƙasa.

Duba ƙasan injin ta gaba, galibi ta dama. Akwai 'yar ƙofa. Buɗe ta da bakin cokali. Ciki za ki ga babban murfi mai zagaye, a injina da yawa har da ɗan siririn tiyo mai toshe a baki.

Da siririn tiyon za ki fara. Shimfiɗa tsummoki, ki tara faranti, ki cire toshen. Farantin ya cika, ki toshe, ki juye a bokiti, ki sake. Aikin haƙuri ne, ruwan zai iya cika bokiti har ya ɗara. In da ruwan zafi kika yi wankin, jira ya huce tukuna. In babu siririn tiyo, sassauta babban murfin kaɗan-kaɗan, ruwan ya riƙa tsiyaya.

Ruwa ya ƙare, murɗa murfin zuwa hagu ki zaro matatar. Cire duk tarkacen, ki wanke. Safar jariri ta ƙware wajen ɓuya a nan.

Haska cikin ramin. Can ƙurya akwai 'yar farfela. Juya ta da yatsa. In tana tafiya da ɗan tsalle-tsalle, lafiyarta lau, maganaɗisu ne ke jan ta. In ta cije, zare ko gashi ne ya naɗe ta, ciro shi da filaya. Mayar da matatar ki ɗaure tamau, in ba haka ba ɗakin zai yi ambaliya.

7. Gwada, ki kasa kunne.

Jona wuta, ki zaɓi Spin ko Drain, babu kaya a ciki. A injin mai famfo, in kin ji famfon na gurnani amma ruwa bai fita ba, ko da sauran toshewa, ko wutar ce ba ta da ƙarfi. In tsit kika ji, zancen ya koma kan famfon ko wayoyinsa.

Waɗannan injina an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. In fanka na juyawa da ƙyar, ƙwan fitila ya yi ja, dakata har wuta ta gyaru, ko ki haɗa shi da sitabilaiza. A kan ƙaramin janareta ko inbata kuwa, zaɓi wankin ruwan sanyi. Famfon kansa wuta kaɗan yake ci, amma abin dumama ruwa na jan kusan wat 2,000, ƙaramin janareta kuma bai kai ko 1,000 ba. Sai ya mutu a tsakiyar wanki, injin ya tsaya da ruwa a ciki, ki ɗauka lalacewa ya yi.

8. Rage omo.

Ni dai ban ga amfanin kumfa har wuya ba. Omon wankin hannu kumfarsa yawa gare ta, famfo kuma ba ya iya tura kumfa. Samsung har rubuta Sud yake yi ya tsaya yana jira ta kwanta. In haka ta faru, bar shi rabin awa, sannan ki sa shi ɗauraya ba sabulu. Nan gaba nemi garin sabulun da aka rubuta na injin ne, ki zuba daidai awon da ke jikin leda.

9. Inda hannunki zai tsaya.

Kira mai gyara in kin ji ƙaurin waya, ko jikin injin na jan ki, ko famfo ya yi tsit alhali wuta lafiya, ko farfelar ta karye. In injin sabo ne garantinsa bai ƙare ba, tiyo da matata kaɗai za ki taɓa. Kada ki kwance baya, nemo rasit ki kira shagon da aka saya.

Kafin ya taso daga nesa, tura masa hoton takardar da ke manne a bayan injin, mai ɗauke da lambar samfurinsa, ta WhatsApp. Faɗa masa abin da fuskar ta rubuta da abin da kika riga kika duba, ya zo da kayan a hannu. In ya canza wani abu, ce ya bar miki tsohon ki gani.

10. Hana shi komawa.

Lalube kowane aljihu kafin wanki, musamman na maigida da na 'yan makarantar allo. Leshi mai duwatsu, safar jarirai da ƙananan kaya, zuba su a rigar matashi ki ɗaure bakin.

Kayan da aka dawo da su daga fadama, na aikin shinkafa ko albasa, kakkaɓe su ki ɗauraye a baho tukuna. Lakar nan ce ke kwanciya a bawul ta daskare. Haka ruwan burtsatse ko na jarka mai yashi: bar shi ya kwanta, ki bar na gindin. Sitaci kuma a baho ake sa wa shadda, ba a cikin injin ba.

In wanki da guga ne sana'ar gidan, injin na aiki kullum, a wanke matata duk mako. In na gida ne kawai, sau ɗaya a wata ya wadatar. Sa ƙararrawa a wayarki ranar ɗaya ga wata.