Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaidaji a Fadamar Haɗeja

Wani mai sauraronmu daga Haɗeja yana tambaya, me ya sa ƙaidaji ba ya rabuwa da bakin kogi?

To malam, ƙaidaji ɗan fadama ne, laka yake so da wurin da ambaliya ke kwanciya. Jikinsa duk ƙaya, furensa ɗan dunƙule, ganyensa kuwa da ka taɓa sai ya naɗe. Kogin Haɗeja shi ke yi masa shuka: kwanson 'ya'yansa mai gashi ne, yana kakkaryewa gaɓa-gaɓa, kowace da ƙwaya guda, ruwa ya kwashe. Ƙwayar takan yi shekara da shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. A arewacin Ostareliya ya cinye wuraren kiwo, don haka in ya tsiro a gonarka, tumɓuke shi tun yana ƙarami.