Darasi Na Shida: Abubuwan Da Ke Tafiya Tare

Mai karatu, in kai ne ke riƙe da littafin awon yara a ƙauyenku, wannan darasi naka ne. Lambobin da kake rubutawa suna iya ceton rai, in ka iya karanta su.

Dangantaka

Ɗauki takarda. Ja layi a kwance, ka jera shekarun yara a kansa. Ja wani a tsaye, ka jera nauyi da kilo. Kowane yaro ka yi masa ɗigo ɗaya, inda shekarunsa da nauyinsa suka haɗu. Za ka ga ɗigon suna haurawa: shekaru na ƙaruwa, nauyi na ƙaruwa. Wannan ita ce dangantaka. Masana ƙididdiga suna auna ƙarfinta da lamba daga -1 zuwa +1. In ta kusa +1, abubuwan biyu suna hawa tare. In ta kusa -1, ɗaya na hawa, ɗaya na sauka. In ta kusa sifiri, ɗigon ba su bin miƙaƙƙen layi.

Layin kintace

Yanzu miƙe zare ta tsakiyar ɗigon, yadda zai fi kusa da dukansu. Da wannan layi ake kintace. Ga yara masu shekara 2 zuwa 5, ga abin da yake nunawa: ninka shekaru sau 2, ka ƙara 8. Yaro mai shekara 3 zai kai wajen kilo 14. In ka same shi da 13, ba damuwa, yara ba ɗaya suke ba. In ka same shi da 10, a kai shi asibiti, kada a jira.

Amma kada ka ja layin ya wuce iyakarsa. Bisa wannan lissafi jariri sabon haihuwa zai zama kilo 8, alhali wajen kilo 3 yake.

Tafiya tare ba ita ce sanadi ba

A Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, zazzaɓin cizon sauro yakan yi yawa a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba. A lokacin ne kuma sabon amfanin gona ke shigowa gida. Saboda haka wasu kan ce sabon abinci ne ke kawo zazzaɓi, har su hana yaro ci.

Lalle suna zuwa tare, amma akwai abu na uku a bayansu: ruwa. Ruwan da ya raya shuka shi ne ya kwanta a ramuka, sauro ya hayayyafa. Tun 1897 likita Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, a ƙasar Indiya. A nan kuwa, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, magudanan da ke shayar da gonaki suna riƙe ruwa har bayan damina. Hana yaro abinci ba ya korar zazzaɓi, sai dai ya ƙara masa rauni. Gidan sauro da gwajin jini da wuri su ne kariya.

Tambayoyi

1. Yarinya mai shekara 4, kilo nawa kake zaton za ta kai?
2. Me ya sa ba a amfani da wannan layi ga jariri?
3. Ƙirga masu zazzaɓi na kowane wata a littafinka na bara. A wane wata ya kamata gidan sauro ya riga ya isa kowane ɗaki?