Allurar Naƙuda Da Na'urar Tiyata: Wa Shari'a Ke Kamawa?



Darasinmu na wannan mako a kan wani babi ne na fiƙihu wanda malamai ke kira lamunin likita, watau yaushe ne Shari'a ke kama mai magani da biyan abin da ya salwanta a hannunsa. Za mu auna wannan babi da abubuwa biyu da suka shafi mahaifar mata. Ɗaya mai araha ne, har a kemis ɗin ƙauye akan same shi, shi ne allurar naƙuda. Ɗayan kuwa sai manyan asibitoci, shi ne mutum-mutumin da likitoci ke yi wa mata aiki da shi.

Hukunci a kan abu ba ya inganta sai an san abin, saboda haka mu fara da yadda Allah ya tsara naƙuda. Mahaifa tsoka ce mai ƙarfin gaske. Wata tara tana kwance lafiya saboda wani sinadari mai suna furojestaron wanda mabiyiya ke zubawa cikin jini. Idan lokaci ya yi, sai wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda bai wuce girman ƙwayar wake ba, ya riƙa sakin wani sinadarin mai suna oksitosin, shi ne mai sa mahaifa ta matsa. Kan ɗa ya danni bakin mahaifa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, a ƙaro oksitosin, matsawa ta ƙaru. Shi ne kuma ke sakin nono, shi ya sa mai jego kan ji mararta na murɗawa sa'ad da jariri ya kama mama.

To, ga abin da dukan darasin nan ya rataya a kansa: naƙuda takan taso ne ta lafa, ta sake tasowa ta lafa. Lokacin da mahaifa ta matsa, jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya sukan matse, ɗa ya zama kamar mai nutso a rafi wanda ya riƙe numfashinsa. Sai ta lafa ne jini ke komawa ya kai masa iska. Wannan ɗan hutu da mata ke gani kamar naƙuda ce ta yi sanyi, rayuwar ɗan tana cikinsa.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Dale ne ya gano a 1906 cewa ruwan wancan ƙullutu yana sa mahaifa matsawa. A 1953 wani masani a Amurka, Vincent du Vigneaud, ya harhaɗa irinsa a ɗakin bincike, aka ba shi lambar Nobel a 1955. Tun daga nan ya shiga kwalba, ya zama allura.

Kada mai karatu ya zaci muna kushe wannan allura. Ni'ima ce babba idan an sa ta a muhallinta. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Hukumar ta yi umurni a yi wa kowace mace oksitosin da zarar ɗa ya fito, domin mahaifa ta tsuke ta toshe bakunan jijiyoyi. A 2023 ɗin ne aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. An ga cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai awo don a gane yawan jinin da wuri, aka kuma haɗa mata magunguna a lokaci guda, har da oksitosin, mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suna raguwa da kashi 60 cikin 100.

Amma kafin ɗa ya fito, hukuncin allurar dabam ne. A asibiti ba a soka ta a cinya ko a ɗuwawu ga mai naƙuda. Cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba ta, tana ɗiga a hankali, ma'aikaciya na ƙirga matsawar mahaifa, tana sauraren bugun zuciyar ɗa. In abu ya yi yawa sai a tsuke igiyar, cikin 'yan mintoci ƙarfinta ya sauka. Wadda aka soka a tsoka kuwa ta shiga ke nan, babu mai zaro ta.

Mu ɗauka ga yarinya mai cikin fari a Mawashi, ta je goyon ciki gidan iyayenta. Kunya ta sa ta ɓoye naƙuda tun magariba. Gari ya waye shiru, azahar ta yi shiru. Sai wata maƙwabciya ta ce a kira wane mai kemis ya yi mata allura a huta. Abin da ba su sani ba shi ne, sau da yawa doguwar naƙuda ba rashin ƙarfin mahaifa ba ne, hanya ce ta ƙi: ko ƙugu ya yi wa kan ɗa kaɗan, ko ɗan ya zo a gicciye. Aka yi allura, mahaifa ta matsa ba lafawa. Hutun nan da muka ambata ya tafi, ɗa ya shaƙe a ciki. Idan mai haihuwa da yawa ce, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, mahaifar kan iya fashewa, jini ya malale cikin ciki kafin a samo mota zuwa babban asibitin Kankiya. Wadda kan ɗa ya daɗe yana danne mata mafitsara kuwa, naman wurin ya mutu, ita ce ke tashi da yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara ɗinke irin waɗannan mata a shekarun 1980, ya san ba tatsuniya muke yi ba.

Yanzu ga hukunci. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu, wanda ke ɗora lamuni a kan duk mai shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Ibnu Rushdi ya yi bayanin mas'alar a Bidayatul Mujtahid. Gwanin likita wanda aka yi wa izini, ya yi aiki bisa ƙa'ida, sai ajali ya zo, babu kome a kansa. Idan gwani ne amma hannunsa ya kuskure, akwai diyya, dangi ne ke ɗauka. Wanda kuwa ba ahalin abin ba ne, shi mai ƙetare haddi ne, akwai horo da ɗauri a kansa bayan diyya, kuma wasu malamai sun ce daga dukiyarsa za a biya. Ɗan da ya faɗo matacce ta dalilin aikin wani ma yana da nasa hakki, wanda Risalar Ibnu Abi Zaid ta ƙimanta da dinari 50 ko dirhami 600. Ga kuma kaffarar kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta sake tabbatar da asalin wannan lamuni a zamanta na Maskat a 2004.

Iya soka allura ba shi ne ilimin haihuwa ba. Mai lasisin sayar da magani ba shi da lasisin karɓar haihuwa, kuma ko ma'aikacin lafiya mai takarda, idan ya yi abin da ƙa'idar aikinsa ta hana, takardar ba ta kare shi. Faɗin "kwananta ne ya ƙare" gaskiya ne, amma bai taɓa sauke diyya daga kan kowa ba, in da yana saukewa da ba a saukar da ayar ba. Haka nan hadisin Muwaɗɗa da ya lissafa mai mutuwa wajen haihuwa cikin shahidai bushara ce gare ta ita, ba wanke hannu ba ne ga wanda ya jawo.

Akwai wani sakaci kuma da ba a cika lura da shi ba. Oksitosin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafi na kashe ƙarfinsa. Wani bincike da aka yi da haɗin gwiwar hukumar NAFDAC a 2016 ya sami kusan uku cikin huɗu na kwalaben da aka gwada ba su cika awo ba. Wanda ya ajiye shi a kan kanta cikin zafin bazara, ya sayar don a tsayar da jinin mai jego, ya sayar da ruwa ne da sunan magani, wannan kuwa algus ne a cikin abin da rai ya dogara a kai.

Maigida ma yana da nasa kaso. Muhtasar na Shehu Halilu ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke kan miji. A wannan zamani ungozomar da ke iya gane naƙudar da ta ƙi tana asibiti, saboda haka kuɗin mota da na awo su shiga lissafi tun ciki na wata shida, kamar yadda ake tanadin ragon suna. Kuma Majalisar Fiƙihun nan, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce izinin magani na hannun majiyyaci ne idan yana da hankalinsa, in rai na cikin haɗari kuwa ba a jiran izinin kowa. Barin mace tana murƙususu don maigida ya tafi cin rani, ba a same shi a waya ba, ba shi da madogara a addini.

Sai mutum-mutumi. Wanda ya fi shahara shi ne da Vinci, na wani kamfani a Amurka, wanda hukumar ƙasar ta amince da shi a 2000, ta kuma yarda a yi wa mata aikin mahaifa da shi a 2005. Ana huda ciki 'yan ƙananan ƙofofi, a zura siraran hannuwa masu almakashi da hantsaki da kyamara. Likita na zaune a gefe, idonsa a madubi, yatsunsa na juya maɗaurai, hannuwan na bin motsinsa. Da shi ake cire ƙarin mahaifa, ko mahaifar ɗungum. Jini kaɗan ke zuba, majiyyaciya ta tashi da wuri, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan guda, kuma ba a ciro ɗa da shi.

Wasu ɗalibai na tambaya, in ya yi ɓarna wa za a kama, tun da ƙarfe ba mukallafi ba ne? Amsar tana cikin tambayar. Na'urar ba ta yanka don kanta, alati ce kamar askar wanzami, sai dai mai tsawon hannu. A 2001 likita Jacques Marescaux yana zaune a birnin New York ya cire wa wata mata matsarmama tana kwance a Strasbourg ta Faransa, nisan bai raba shi da aikinsa ba, haka ba zai raba shi da lamuninsa ba. Idan likitan bai sami horon na'urar ba, hukuncinsa na mai kemis ɗin nan ne, kome yawan digirinsa. Idan aibi daga ƙira ne ko rashin gyara, sai a koma kan maƙeri ko asibitin da ya yi sakaci. Kayan aiki sababbi ba baƙi ba ne a wurin Musulmi, domin Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayan tiyata masu yawa a littafinsa Attasrif, har da na fitar da ɗan da ya mutu a ciki.

Sai dai sabo ba shi ne mafi kyau a kullum ba. A 2018 an buga wani bincike a kan mata 631 masu sankarar bakin mahaifa a matakin farko. Waɗanda aka yi wa aiki ta ƙananan huji, da na'ura ko ba da ita ba, cutar ta fi dawo musu a kan waɗanda aka buɗe wa ciki yadda aka saba. Likitan da ya san wannan ya ɓoye wa majiyyaciya don ta biya kuɗin na'ura, izinin da ta ba shi bai inganta ba, domin an karɓe shi ne bisa jahilcinta, kuma aikin da aka yi ba da ingantaccen izini ba lamuninsa na kan mai yinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba hukuncin jinin biƙi ga matar da aka ciro wa ɗa ta hanyar tiyata.