Idan Kunya Ta Kama Ka a Gaban Kwamitin Intabiyu

Wani matashi da ya kammala hidimar ƙasa shekara biyu da suka wuce ya aiko mini da tambaya. Ya ce sau uku ana kiran sa intabiyu, kuma kowane karo yana tsallake jarrabawar kwamfuta da ake fara yi, amma da zarar ya zauna a gaban kwamiti sai bakinsa ya mutu. A ce masa ya je za a neme shi, daga nan shiru. Ya rufe saƙon da cewa shi dai ya gane aiki a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu.

Ƙanena, ba zan musa maka cewa ana alfarma wajen ɗaukar aiki ba. Ana yi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Amma kai takardunka da ƙwaƙwalwarka sun kai ka bakin ƙofa har sau uku, saboda haka cikin ɗakin ya kamata mu leƙa. Na sha zama a kwamitin tantance masu neman aiki, kuma abin da ka kwatanta na gan shi a jikin yaranmu da yawa, maza da mata, waɗanda na tabbata sun fi wasu da aka ɗauka sanin aikin.

An rene mu a kan cewa ɗa mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, ba ya ɗaga murya, in an tambaye shi ya amsa a taƙaice ya yi shiru. An kuma koya mana cewa yabon kai jahilci. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so ka yar da ita. Sai dai mutum huɗu ko biyar ɗin da ke bayan tebur ba su san gidanku ba. Wataƙila wani daga Legas ya zo, wata daga Inugu, kuma 'yan mintoci kaɗan gare su kafin su kira na gaba. Ka sunkuyar da kai kana murza yatsu, a wajenka ladabi ne, su kuwa abin da za su rubuta a takardar maki shi ne ba ka yarda da kanka ba.

Maganin abin shi ne ka raba yabon kai da ba da shaida. Mai yabon kai zai ce shi haziƙi ne, mai gaskiya, mai ƙwazo. Duk wanda ya shigo ɗakin haka yake cewa, kunnen kwamiti ya gaji da ji. Mai ba da shaida kuwa labarin abin da ya faru yake bayarwa. Misali ya ce: "Lokacin hidimar ƙasa an tura ni wata sakandare a ƙauye, na tarar 'yan aji uku ba su da malamin lissafi. Na nemi shugaban makaranta ya ba ni ajin, na kuma buɗe musu darasin yamma sau biyu a mako har suka zana jarrabawa." Bai ce shi gwani ba ne. Ya faɗi gaskiya ya bar masu sauraro su yanke hukunci, kuma babu dattijon da zai kira wannan rashin kunya.

Don haka kafin ranar ka zauna da biro da takarda ka fito da labarai uku daga rayuwarka: wata matsala da ka warware, wani lokaci da ka yi aiki da mutum mai wuyar sha'ani, da wani kuskure da ka yi ka gyara. A kowanne ka faɗi halin da aka shiga, abin da ka yi, da yadda aka ƙare. Kada ka ce ai ba ka taɓa aikin ofis ba. Jiran shagon yayanka a Kantin Kwari, riƙe lissafin na'urar POS, kula da ma'aikata a gonar rani, tattara kuɗin ƙungiyar unguwa, duk aiki ne da ke nuna riƙon amana da iya zama da jama'a. Ka kuma lura da wata ɗabi'a tamu ta cewa "muka yi" ko "aka yi" a kan abin da mutum shi kaɗai ya yi. A zaure hakan ya dace. A nan, in kai ka yi, ka ce "na yi", domin kai ake son ɗauka, ba tawagar ba.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ka faɗa musu ko kai wane ne. Ba salsalar zuri'a ake nema ba, ba kuma karanta musu takardar CV da ke gabansu ba. Abin da ka karanta, abin da ka iya, da dalilin da ya sa kake son wannan aikin, cikin minti biyu. Wannan na ƙarshen ba ya yiwuwa sai ka san wurin. Ka karanta sanarwar aikin layi bayan layi, ka binciki abin da ma'aikatar take yi da inda take yin sa. Yana ɓata mini rai in ga yaro mai basira an tambaye shi me kamfani ke sayarwa ya hau kame-kame.

Sai batun Turanci, wanda na san shi ne rabin fargabar. Kwamiti ba gasar lafazi ya shirya ba. Ka yi magana a hankali, da gajerun jimloli, da muryar da na ƙarshen tebur zai ji. Abin da ka shirya a zuci kawai yakan gudu idan zuciya ta fara bugawa, saboda haka ka furta amsoshinka da baki. Ka sa abokinka ko ƙanwarka su zama kwamiti, ko ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. In ba ka fahimci tambaya ba, ka roƙi a maimaita. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo ta. Ƙaryar sani ce ke kayar da mutum nan take, don mai tambayar ya san amsar.

Takardu kuma kada ka bari sai daren ranar. Ka haɗa na asali da fotokwafinsu a fayil guda: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri ko difloma, takardar haihuwa, lambar NIN, shaidar kammala hidimar ƙasa ko takardar yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, da shaidar asalin ƙaramar hukuma in aikin gwamnati ne. Ka jera su ka duba sunanka harafi bayan harafi. Mu ne muka fi kowa shiga wannan tarkon: Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, sunan kaka a ɗaya, sunan gari a ɗaya. In akwai saɓani ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun da wuri.

Tufafi ba sai ka ari kwat ba, sai dai in an ce ita ake so. Kaftani mai guga da hula sun wadatar, haka atamfa ko abaya da mayafi mai kamala, turare kuma kaɗan. Ka isa da rabin sa'a a hannu. Wanda zai shiga Abuja daga Mararaba da safe ya san me nake nufi. In ta intanet za a yi, ka cika caji, ka tanadi data, ka nemi ɗakin da babu hayaniya. Da ka shiga ka yi gaisuwa a tsaye, ba sai ka tsuguna ba, ka jira a ba ka izinin zama, ka riƙa duban fuskar mai yi maka magana. 'Yar'uwar da ba ta musabaha da maza ta ɗora hannu a ƙirji da fara'a, ya isa.

Idan aka zo maganar albashi, kada ka ce "duk abin da kuka ba ni". A aikin gwamnati abin a tsare yake, mai digiri yakan fara ne daga mataki na 8. A kamfani kuwa ka tambayi masu irin aikin nawa ake biya, ka faɗi adadin da ya dace. Ka tuna mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, kuma dokar fansho ta 2014 ta sa ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci. Ka tambaya ko kuɗin da aka ambata kafin cire haraji da fansho ne ko bayansa. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi kafin a gan ka, ko ka sayi gurbin aiki, ɗan damfara ne, ka rabu da shi.

Ƙanena, ka yi addu'a, ka nemi albarkar iyaye, sannan yau da daddare ka rubuta labaran nan uku ka karanta wa wani a gida. In an kira ka karo na huɗu, ka rubuto mini tambayoyin da aka yi maka da amsoshin da ka bayar, mu duba su tare.