Kafin ku bar tagar ɗakin magani

Mutane da yawa sun ɗauka aikinmu a ɗakin magani na asibiti bai wuce miƙo ƙwaya ta taga ba. Alhali kafin a buɗe tagar nan mun duba firij, domin allurar oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tare zubar jini sanyi take so, digiri 2 zuwa 8, kuma zafin Bagudo na bazara ba ya raga mata. Mun ƙirga kaya, mun cike katin sito, mun jawo maganin da kwanansa ya kusa ƙarewa gaba don a fara da shi. Takardar likita ta zo, mu karanta, mu tambayi shekarun yaro da nauyinsa. In wani abu bai kwanta mana ba, sai mu koma wurin likita ko masanin magunguna da muke ƙarƙashinsa, ba ma sauya rubutu da kanmu. Aikin nan karatu gare shi, a makarantun kiwon lafiya irin ta Jega, kuma hukumar kula da aikin harhaɗa magunguna, wato PCN, ke yi mana rajista.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da cutar, sama da kowace jiha. Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu awa 8 bayan na farko, tare da nono ko abinci mai maiƙo. Amma uwa na ganin jikin yaro ya yi sanyi, sai ta ƙulle ragowar a bakin zane ta ajiye wa ƙanensa. Ba a jima ba ga ta da yaron a goye, ya fi da galabaita.

Ga kuma zaman bakin iyaka. Daga Lafagu har Tsamiya da Lolo ana tallar magani a faranti, wani rubutunsa da Faransanci, babu lambar NAFDAC, ya wuni a rana. Ko mai kyau ne, zafi na iya rage masa ƙarfi.

Iyaye, don Allah in kun karɓi magani ku tsaya mu yi muku bayani, ku maimaita mana mu ji. Wanda kuka saya a kasuwa kuwa, ku kawo mu duba kafin a ba yaro.