Birin shamfanze a kurmin Tayi

A kudu maso yammacin ƙasar Kwaddibuwa, kusa da iyakar Laberiya, akwai wani babban kurmi da ake kira Tayi. Girmansa ya wuce murabba'in kilomita 5000. Can ba a san dogon rani irin na Maraɗi ko Damagaram ba. Itatuwa dogaye ne ƙwarai, rassansu sun haɗe a sama, har rana ba ta cika kai wa ƙasa ba. A shekarar 1972 gwamnatin ƙasar ta mai da wurin gandun daji, ta hana sara da farauta. A 1982 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Cikin wannan kurmi wani babban biri yake zaune, sunansa shamfanze. Ya fi jan biri girma nesa ba kusa ba. Gashinsa baƙi ne, ba shi da wutsiya. Yana cin ƴaƴan itace, da ganye, da zuma, da tururuwa. Wani lokaci mazan su haɗu su yi farautar ƙananan birai, su raba naman.

Birran Tayi sun yi suna wajen fasa ƙwara. Biri yakan tara ƴaƴan itace masu tauri, ya je gindin wata bishiya. Ya aza ƙwara ɗaya a kan saiwa mai ɗan rami, kamar yadda maƙeri yake aza ƙarfe bisa uwar maƙera. Sai ya ɗauki dutse ko guntun icce ya yi ta bugu. In ya buga da ƙarfi sosai, abin ciki ya rududduge. In ya buga a hankali, ɓawon ya ƙi fashewa. Duwatsu ba su da yawa a kurmin, don haka biri yakan tuna inda ya bar gudumarsa, ya koma ya ɗauko ta. Ɗa yana zaune gaban uwa yana kallo, yana tsintar abin da ya faɗi. Sai ya yi shekaru yana gwadawa kafin hannunsa ya faɗa. Wani masani, Christophe Boesch, da matarsa Hedwige, sun fara bin waɗannan birai tun 1979, suna rubuta abin da suka gani.

Ƙirga shamfanze aiki ne mai wuya, gama yana gudun mutum. Amma kowane maraice yakan hau bishiya, ya lanƙwasa rassa, ya yi sabuwar sheƙar kwana. Masana sai su ƙirga sheƙa maimakon biri. An yi haka a wurare da dama na Kwaddibuwa a 1989 da 1990. Da aka koma wuraren a 2007, sai aka tarar inda dā ake ganin sheƙa 10, saura 1 kaɗai.

Ina biran suka tafi? Ba su tafi ko'ina ba, gidansu ne aka sare. Kwaddibuwa ta fi kowace ƙasa ta duniya noman kakawo, wanda ake yin cakulan da shi. Kakawo yana son ƙasar kurmi sabuwa. Manomi ya sare daji, ya shuka, ya ci amfanin gona shekaru. Da ƙasa ta gaji, sai ya ƙara gaba. Ba mugunta ta sa shi ba, iyali gare shi, kuma masu saye suna jira. Masu yankan katako kuma suka buɗe hanyoyi, mafarauta suka biyo sawunsu da bindiga da tarko. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar a 2002, tsaron daji ya yi rauni. Gandun Marahuwe, a tsakiyar ƙasar, ya rasa kashi 93 cikin 100 na kurminsa tsakanin 2002 da 2008.

Tayi bai lalace haka ba, amma gonaki sun kewaye shi, ya zama kamar tsibiri. Biran ciki ba su da hanyar zuwa wani kurmi. Ga kuma cuta. A 1994 Ebola ta kashe birai a Tayi. Ko murar ɗan Adam tana iya kashe su, shi ya sa masu bincike suke rufe hanci da baki in za su kusance su. An kuma lura birai sun fi yawa kusa da sansanin masu bincike, domin mafarauci ba ya son wurin da ake ganinsa.

Akuya takan haihu kowace shekara. Shamfanze kuwa sai ta kai wajen shekara 13 kafin haihuwar fari, kuma tsakanin ɗa da ɗa shekara 5 ne ko 6. In an harbe uwa, jaririn da take goyo ba ya rayuwa shi kaɗai. A 2016 aka sa shamfanze na Afirka ta Yamma cikin dabbobin da suke dab da ƙarewa.

Tambayoyi

1. Yaya shamfanze yake fasa ƙwara?
2. Don me ake ƙirga sheƙa maimakon biri?
3. Me ya sa garken shamfanze ba ya saurin komawa yadda yake?
4. Ku tambayi wani tsoho na garinku: waɗanne namun daji ya gani yana yaro, waɗanda ba a gani yanzu? Ku rubuto sunayensu da Hausa da Faransanci.